Bikon da Aka Yi a Siton Tsintsiya

Ban taɓa mantawa da Larabar nan da na tsaya gaban ƙofar sito, a idon manyan baƙi, ina ce wa katako ya ja numfashi ba. Ku da kuka zo aiki daga baya kun sha jin labarin, kowa da yadda aka ƙara masa gishiri. To ga yadda abin ya kasance daga bakin mai shi. Sunayen da zan kira mutane biyun da abin ya shafa da su ba nasu ba ne. Babban ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Ƙaramin kuwa sai da na nemi izninsa, ya ce in rubuta, ko wani zai ƙaru.

Shekarar da soja suka koma bariki ce, farar hula suka karɓi mulki, damina ta kankama. Ina aikin atenda a wani asibiti cikin garin Katsina. Ga wanda bai sani ba, atenda ita ce ƙasan kowa: shara, wanke-wanke, kai kati, kiran marar lafiya. Abin da ya ɗan ɗaga ni shi ne na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye ɗana na huɗu, ina karanta suna da lamba, in rubuta su ba sai an tsaya a kaina ba. Shi ya sa da Malam Bashir ya dawo daga kwas aka haɗa ni da shi.

Malam Bashir nas ne, ko da yake kowa Likita yake ce masa. Abin da ya karanto shi ne zama da mutumin da damuwa ta yi wa yawa, ko faɗuwar gaba, ko wanda zaman gida ya cakuɗe masa. Ya saurare shi, ya koya masa dabarun lallashin jikinsa, in abin ya fi ƙarfin magana ya tura shi wurin likita. Ranar Laraba ya ware wa maza. Aka ba mu ɗaki can ƙarshen baranda kusa da wurin wanki, daga shi ba gaba. A gefensa akwai ɗan siton da nake ajiye tsintsiya da bokiti.

Watan farko ko mutum ɗaya bai zo ba, sai da muka cire allon da aka kafa a ƙofa mai bayyana aikin ɗakin. Sannan suka fara ɗigowa, kowa da ciwon aro: wannan olsa, wancan hawan jini. Namijin garin nan ya gwammace ya ba da labarin basir ɗinsa a majalisa da ya ce gabansa na faɗuwa ba dalili. Malam Bashir ma sai da ya juya kujerunsa suka kalli taga kafaɗa da kafaɗa, kamar bencin mai shayi, don ya lura in an haɗa ido bakinsu kullewa yake.

Aikina uku ne. In kira mutum da lamba, ba da suna ba. In kwashe takalminsa daga bakin ƙofa in sa a kwali, don a Katsina takalmi ya fi katin shaida tona asiri. Na uku, in mun haɗu a waje, ban san shi ba sai in shi ya fara gaishe ni.

Lamba Bakwai shi ne Alhaji Garba. Shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙa manya masu kaki a GRA, har ya zama shugaban direbobi, ya ajiye aiki dab da miƙa mulki. Dogo ne, ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. A Ƙofar Guga in ya biyo lungu har masu faɗa a bakin famfo rage murya suke. Ƙarfe tara yake zuwa, ta ƙofar baya, ya miƙo mini kati ya ce, "Hawan jini." Abin da yake faɗa a ciki ban sani ba, ba kuma hurumina ba ne.

Lamba Sha Biyu shi ne Malam Kabir, malamin firamare. Shi kam tun yana benci yake sauke mini rabin kayansa kafin ya shiga. Kuma shi ke auren Rabi, ɗiyar Alhaji Garba. Ni 'yar Ƙofar Guga ce, da ni aka kai amarya. Ranar da na ga katunan biyu a hannuna sai da na nemi wuri na zauna. Na faɗa wa Malam Bashir, muka sa awa uku cur a tsakaninsu, Alhaji ƙarfe tara, Malam Kabir sha biyu. Ko a masallaci suruki ba ya son sahu ya haɗa kafaɗarsa da ta uban matarsa, balle nan.

Ciwon Malam Kabir shi ne, yana zaune lafiya sai ƙirjinsa ya hau duka, gumi ya karyo, numfashi ya tsaya masa a wuya, ya ji kamar ajali ne. Ya ɓoye wa Rabi. Suna cikin cin abinci ya tashi ya fita. Ya yi kwana uku ba ya magana. In ta tambaya ya ce ba komai. Shekara biyu tana cin "ba komai", ranar da ta ƙoshi ta haɗa kayanta ta tafi gidansu. Ya tura kawunsa biko, ta ce ba kawu ta aura ba. Shi da kansa zai zo, ya gaida mahaifinta a zaure, ya faɗi laifinta da bakinsa. Yayyenta maza suka yanka wa'adi: in Juma'a ta wuce bai zo ba, maganar ta koma gaban alƙali a raba su.

"Inna, sau tara ina zuwa," ya ce mini. "In yi sallama, in ƙwanƙwasa, shiru. Na san Baba yana ciki yana jina. Shirun nan ya fi duka. Sai ƙafafuna su ɗau rawa, ban san lokacin da nake ganina a bakin titi ba."

Larabar da nake ba ku labari, saura kwana biyu wa'adin ya cika.

A makon ne aka ce wani babba cikin sababbin 'yan siyasa, shugaban wani kwamiti, zai zo duba asibiti. Litinin muka yi wanka, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, bai zo ba. Talata ma haka. Laraba ba wanda ya yarda, sai ga saƙo da safe wai yana hanya. Sakataren asibiti ya zo ɗakinmu da kansa, ya sa aka mayar da allon ƙofa.

"Bashir, ka jera marasa lafiyarka a benci, baƙi su ga aiki."

"Ranka ya daɗe, waɗannan ba a nuna su."

"To mi za su gani? Kujeru?"

"Kujeru, ranka ya daɗe."

Sakatare ya ce ya biyo shi ofis su ƙarasa maganar. Kafin ya tafi ya raɗa mini, "Inna, duk wanda ya zo ki sallame shi ta baya."

Alhaji ya zo ƙarfe tara daidai. Na faɗa masa, ya juya, sai ya tarar an garƙame ƙofar baya an ajiye ɗan sanda. Ƙofar gaba kuwa cike take da direbobin da aka turo su yi jira, rabinsu shi ya koya masu riƙe sitiyari. Ya dawo. Na zaunar da shi cikin ɗaki, na sa takalminsa a kwali, na ce in an lafa ya fita.

Wajen sha ɗaya sai ga Malam Kabir. An kwashe 'yan makarantarsu zuwa bakin hanya tarbar baƙi, aji ba kowa, shi ne ya ce bari ya zo da wuri. Na tare shi tun daga kwanar baranda, na ce ya zauna nan kada ya motsa. Ina dawowa sai jiniya ta tashi a bakin asibiti.

Alhaji ya fito daga ɗaki ba takalmi. Fuskar nan da unguwa ke tsoro ta yi fari fat kamar toka. Ya dafa bango ya ce, "Mairo, ɓoye ni." Tunda nake bai taɓa kiran sunana ba. Ɗakinmu baƙi za su shiga, don haka na buɗe sito na tura shi. Ban gama ja ƙyaure ba sai ga Malam Kabir a guje.

"Inna, da mai ɗaukar talabijin! Iyayen yara za su gan ni!"

Gaba bango, baya baƙi. Allah Ya gafarta mini, ina sane na sake buɗe ƙyauren na tura shi.

Siton nan ko tabarmar salla ba ta shimfiɗuwa a ciki, kuma akwai 'yar taga a sama, haske ya isa mutum ya gane wanda yake tare da shi.  Sai na ji bokiti ya kife: Malam Kabir ne yake neman durƙusawa. Can ƙyaure ya ɗan buɗe, hannu ya fito da takalmi ƙafa biyu. Ya tuɓe ne don girmama suruki. Na karɓa. Ta tsagar na hango sun juya wa juna baya, ɗaya na kallon tsintsiya, ɗaya na kallon ƙofa, gadon bayansu a manne.

Sai numfashin Alhaji ya fara fita kamar zuga-zugin maƙera.

"Inna," Malam Kabir ya kira ni ƙasa-ƙasa.

"Na'am."

"Ki ce wa Baba ba mutuwa ba ce."

"Kai da kake manne da shi?"

"Inna, don girman Allah."

Na sa baki a tsagar ƙyaure na ce, "Alhaji, wai an ce ba mutuwa ba ce."

Da ƙyar muryarsa ta fito. "Ki ce mashi... ina ya sani?"

"Malam, wai ina ka sani?"

"Ki ce wa Baba ni ma ina da ita. Shekara biyu ke nan. Ki ce ya ja numfashi ta hanci a ƙirga huɗu, ya sake ta baki a hankali a ƙirga shida. Ke ki ƙirga, Inna, ni ba zan iya ƙirga wa Baba ba."

Malamin lissafi ne fa. Amma haka na fara. "A ja. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A saki."

Muna zagaye na uku baƙi suka shawo kwana. Mutum ya kai talatin: mai girma a gaba cikin babbar riga, Sakatare a gefensa, Malam Bashir a baya, ga mai kyamara, ga 'yan rakiya. Na ji su, amma Alhaji ya fara bin ƙirgar, in na tsaya zai kuɓuce. Na ci gaba da fuskantar katako, takalmin namiji a hammatata.

"A ja. Ɗaya, biyu..."

"Wannan baiwar Allah," in ji mai girma, "cikin marasa lafiyar take?"

 Malam Bashir ya kalli takalmin da ke hammatata, ya kalli wanda ke cikin kwali, ya kalli ƙyaure. Na ga lokacin da lissafin ya faɗo masa.

"A'a, ranka ya daɗe, ma'aikaciyarmu ce. Irin aikin da muke yi ke nan. Mai wannan ciwo ba ya son a zuba masa ido, shi ya sa take kallon ƙofa."

"Ikon Allah. Mi yake magani?"

"Faɗuwar gaba, ranka ya daɗe, da rashin barci."

Mai girma ya gyara hannun riga ya ce, "Ni kau tun da aka rantsar da mu ban yi barcin kirki ba. Inna, ɗauko daga farko."

To in mai girma ya ja numfashi, wa ya isa ya bar nasa? Ina ce "a ja", mutum talatin suka ja. Ina ce "a saki", baranda ta ɗauki huci kamar garken shanu ya iso rafi. Mai kyamara yana ɗauka yana ja. Ɗan sanda ya rungume bindiga ya lumshe ido. Wani cikin 'yan rakiya ya kasa haƙuri ya ce, "Numfashi sai mai girma! Ko likita bai ja shi haka!" aka ce ya yi shiru yana ɓata ƙirga. Ni kuwa kunnena na jikin ƙyaure. Zuga-zugin nan na sauka, yana sauka, har ya bi sahun jama'a.

Sai tsintsiya ta faɗi a ciki.

"Mi ne ne nan?"

"Siton tsintsiya ne, ranka ya daɗe," na ce. Ban yi ƙarya ba.

Ya leƙa ɗakinmu, ya ga kujeru biyu suna kallon taga, ya ce lallai wannan aiki ne na zamani. Ya yi alkawarin fanka. Suka juya, jiniya ta tafi da su.

Na ƙwanƙwasa na ce, "Sun tafi, a fito."

Ba wanda ya fito. Malam Kabir ne a bakin ƙofa, ba zai riga suruki fita ba. Alhaji kuma ba shi da hanya sai ya ture shi. Malam Bashir ya dawo daga rakiya, ya tsaya bayana. Zan yi magana ya girgiza mini kai.

Can Malam Kabir ya ce, "Inna, ki ce wa Baba na zo biko."

Na faɗa.

"Ki ce mashi nan ba zaure ba ne."

"Ki ce wa Baba sau tara ina zuwa zauren."



"Ki ce mashi goma," in ji Alhaji. "Akwai ranar da ya tsaya bakin kwata bai ƙaraso ba."

Wannan ban ma maimaita ba, Alhaji ya ci gaba, kuma har lokacin da ni yake magana. "Ina bayan ƙyaure duk goman, Mairo. Shekara ashirin, in aka buga mani ƙofa to an aiko ne, in tashi in tuƙa, ban san ina za mu ba, ban san da wa zan dawo ba. Lokacin ko gezau. Yanzu da na zauna gida abin ya biyo ni. Ko mai tallar goro ya ƙwanƙwasa, sai in ji ƙafafuna ba nawa ba. In buɗe wa mijin ɗiyata ya gan ni ina kyarma? Kafin ta sake ni ya tafi. Sai in ce yaron nan raina ni ya yi, ya yi sallama ya gudu."

"Ki ce wa Baba ni ina cewa fushi yake."

"Ki ce mashi ina fushin ma, amma ba shi ya hana ni buɗewa ba." Ya yi gyaran murya, na ji Alhajin Ƙofar Guga yana dawowa. "Ki ce mashi Rabi ba ni ta yi wa yaji ba. Abin da ya faɗa mani nan, ya je ya faɗa mata."

"Inna, za ta ce ta auri mahaukaci."

"To ki ce mashi ɗiyar mahaukaci ce, sun dace."

Na ce, "Alhaji, wannan kam ya ji da kunnensa. Ni ƙafata ta gaji."

A ƙarshe haka aka fito: na rufe idon Malam Kabir da mayafina, ya fito ya fuskanci bango, Alhaji ya wuce ta bayansa kamar ba kowa a wurin, ya sa takalmi, ya ce mini, "Hawan jini," ya tafi.

Alhamis bayan la'asar Malam Kabir ya je. Alhaji ya bar zaure a buɗe, ya fito da tabarma waje ya zauna, don kada a buƙaci ƙwanƙwasawa. Ba na wurin. Rabi ce ta ba ni labari daga baya, ranar da ta rako mijinta asibiti. Ta ce ya faɗa mata komai yana kallon ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ita kuma ta ce masa, "Shekara biyu ina sauya miya, ina sauya turare, har kitso na sauya, ina cewa ni ce. Ashe ƙirjinka ne? Da ka faɗa mani ai da na huta da dakan daddawa." Ba ta bi shi ranar ba. Ta ce ya je ya dawo gobe da ƙafarsa, ta ga ko zai iya sau biyu a jere. Ya iya. Ranar Juma'ar da wa'adin zai cika, ranar ta koma ɗakinta.

Kada ku ce sun warke a sito. Malam Kabir ya yi watanni yana zuwa, wani lokaci tare da ita. Alhaji ya fi shi daɗewa, kuma ya roƙi a bar masu awa ukun nan yadda take. A unguwa in sun hango juna kowa lungu yake sauyawa, kamar kowane suruki na kirki. Ni kuma Malam Bashir ya zaunar da ni ya ce abin da na yi ganganci ne, da ya juye da mun rasa su duka biyun, mun kuma tona asirin da aka ba mu amana. Gaskiyarsa ce. Kada wata cikinku ta ce Inna ta yi.

Abin da na ɗauka a ranar shi ne wannan. Ana cewa mazanmu ba su da magana. Suna da ita, har ta yi masu yawa, hanyar da za ta bi ta fita ce babu. Girma ya tare nan, kunya ta tare can. Kunyar kuma ba a fasa ta da ƙarfi, don ita ce rigar da suke fita da ita cikin mutane. Sau da yawa aikinmu bai wuce mu tsaya a tsakani mu ɗauki magana yadda aka ba mu, ba ragi ba ƙari, mu miƙa ba. Wanda aka ce ki faɗa wa, yawanci ya riga ya ji. Jira kawai yake ta zo masa ta hannun da ba zai ji nauyin karɓa ba. In kuma kin ga maganar ta fara tafiya da ƙafarta, to ki ja bakinki ki matsa gefe.